Raha a Bakin Uba: Rediyo, Majigi da Barkwancin Iyaye Maza a Ƙasar Kura

Gabatarwa

 

Duk lokacin da aka tashi rubuta tarihin ƙasar Kura, abubuwa uku ake yawan ambata, wato sarauta da rini da noman rani. Hakan daidai ne, domin da su aka san mu. Sai dai akwai wani ɓangare na rayuwar jama'a wanda ba a cika shigar da shi takarda ba, shi ne yadda magidanta suke raha a cikin gidajensu, da abin da yake sa su dariya. Na lura matasanmu na yau sun ɗauka cewa uban Bahaushe na da mutum ne mai murtuke fuska, wanda ba ya magana sai umarni, ba ya kiran yaro sai aike ko faɗa. Manufar wannan maƙala ita ce a gyara wannan fahimta. Iyayenmu suna da raha ƙwarai, amma kunya ta sa ba sa fito da ita kai tsaye, sai sun sami abin fakewa. A tsakanin shekarun 1970 da 1990, rediyo da majigi da talabijin su ne suka zama abin fakewar nan. Zan kafa hujja da abin da tarihi ya tabbatar, da kuma abin da na gani da idona a gidanmu.

Uba da Kunya a Gidan Bahaushe

Kafin a fahimci rahar uba, sai an fahimci katangar da al'ada ta gina tsakaninsa da 'ya'yansa. Bahaushe ba ya ambaton sunan ɗansa na fari, ba ya wasa da shi a gaban mutane, ba ya yabonsa, sau da yawa ma akan ba da yaron riƙo ga kaka ko gwaggo. Ni ɗan fari ne, saboda haka ban taɓa jin sunana na yanka a bakin mahaifina ba. In zai kira ni sai ya ce "kai", in yana zancena da wani sai ya ce "yaron nan".

Amma al'adar da ta rufe wannan ƙofa ta buɗe waɗansu. Akwai wasan kaka da jika, inda tsoho yake kiran jikanyarsa amarya, ita kuma ta ce ba ta son mai furfura. Akwai wasan taubasai. Akwai wasan garuruwa da ƙabilu, kamar na Kanawa da Zagezagi, ko na Fulani da Barebari. Akwai 'yan kama masu kwaikwayon wa'azi amma duk zancensu na tuwo da nama ne, ga 'yan gambara a kasuwanni, ga kuma tashe a cikin watan azumi. Ke nan Bahaushe ya tanadar wa dariya gurabenta, uba da ɗa ne kawai ba a ware musu gurbi ba. Don haka uba yakan yi rahar ne da abokinsa a zaure, amma ya ɗan ɗaga murya yadda yaran da ke tsakar gida za su ji.

Kura Kafin Zuwan Ruwa

Tun ƙarni na 19 Kura ta yi suna a rini. A nan ake rina turkuɗi da rawanin da ake kira ɗan Kura, a buga shi da shuni har ya riƙa ƙyalli, Buzaye su saya su kai Agadas da cikin Sahara. Marigayi Farfesa Philip Shea na Jami'ar Bayero ya yi bincike mai zurfi a kan wannan sana'a ta rini a ƙasar Kano. Mahaifina marini ne, kuma raharsa ta farko da na iya tunawa daga karofi ta fito.

Hannuwansa har zuwa gwiwar hannu shuɗaye ne, wanka ba ya fitar da su. Wata rana ƙanwata ta tambaye shi abin da ya sami hannunsa, sai ya ce, "Da sama na gaisa." Yarinya ta yi kwana da kwanaki tana miƙa hannu sama ko za ta samu. Haka kuma yakan gaya wa abokansa cewa a gidanmu baba biyu ne, ɗaya a karofi yake kwana, ɗaya a ɗaki, kuma kowanne ka taɓa sai ya bar maka alama. Wannan gargaɗi ne gare mu, amma an naɗe shi cikin wasa.

Yana da wani aboki Bazazzage mai kawo fararen ƙyallaye. Duk ranar da ya zo, tun daga bakin karofi zai fara cewa, "Mutanen Kura, wa zai ba ku ajiyar nama?" Mahaifina kuwa ba ya ko ɗaga kai daga aikinsa, sai ya ce, "Shi ya sa Bazazzage bai taɓa kawo mana naman ba, kullum sai tsumma." Shekara da shekaru suna maimaita wannan gaisuwa, ba ta taɓa tsufa a wurinsu ba.

Wani abin lura shi ne, a wancan zamani magidanta da yawa ba sa gida da rani. Da zarar an kawar da amfanin gona, wanda ba shi da sana'ar hannu ko ɗan lambu a fadama sai ya tafi cin rani ko fatauci, ba a ganinsa sai bazara. Yaro yakan yi wata huɗu ko biyar bai ga ubansa ba, balle ya ji raharsa.

Ruwan Tiga da Zaman Gida

An ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, aka naɗa Kwamishinan 'Yan Sanda Audu Bako gwamna, ya yi mulki har 1975. A zamaninsa aka gina madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974, aka kuma fara shirin noman rani na Kogin Kano daga Kadawa, wanda kashinsa na farko aka tsara zai shafi kadada 22,000 a ƙasashen Kura da Bunkure da Garun Malam. Daga baya aka damƙa aikin ga Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are da aka kafa a 1976. Ruwan ya zo ne a lokacin da jama'a ba su manta da farin 1973 ba.

Ranar da mahaifina ya fara ganin ruwa yana gudu a kanal a tsakiyar rani, ya dawo gida ya zauna a zaure, maƙwabta suka taru suna tambayarsa. Sai ya ce, "Ai ba abin mamaki ba ne. Gwamnan ɗan sanda ne. Damina ya kama ya tsare a Tiga, yana ba da belinta kaɗan-kaɗan." Da sauro ya yawaita, yara kuma suka fara kamuwa da tsargiya saboda wanka a kanal, sai ya ce babban baƙo ba ya zuwa shi kaɗai, dole da 'yan rakiya. Mai karatu zai ga cewa a cikin waɗannan maganganu biyu akwai tarihin aikin nan gaba ɗaya, da alherinsa da ɗawainiyarsa.

Abin da ya shafi maudu'inmu a nan abu biyu ne. Na farko, noman rani ya zaunar da magidanta a gida, domin mai alkama ko tumatir a gona ba ya zuwa cin rani. Na biyu, ya sa kuɗi a aljihunsu a lokacin da da ba a saba gani ba. A 1975 aka biya ma'aikatan gwamnati ƙarin albashin Udoji, suka cika gari da babura da rediyoyi. Manoma ba su da Udoji. Mahaifina ya karɓi aron eka ɗaya a wajen Kadawa ya shuka alkama, da ya sayar a 1976 sai ya shigo gida da kwali a kafaɗa, ya ce, "Ga namu Udojin."

Rediyo ta Shigo Gida

Rediyo ce mai batir huɗu. Aka ɗinka mata riga da ragowar ƙyalle, aka rina rigar a karofi, ta zama 'yar gida. Ba wanda yake taɓa ta sai shi. Ƙananan yara suka tambaya su wane ne suke magana a ciki, ya ce waɗansu 'yan mutane ne, batir ne tuwonsu, kuma kada wanda ya kuskura ya girgiza ta, don kada Shata ya faɗo daga kan kujera. In batir ya yi sanyi sai a jera shi a rana a kan katanga ya sha zafi. In kuwa yana so ya kashe don tattali, ba ya cewa batir zai ƙare, sai ya ce, "A bar bayin Allah su huta, tun asuba suke surutu."

Abin da ake ji a lokacin ba shi da yawa, amma kowa shi yake ji. Akwai Sashen Hausa na BBC wanda ya fara a 1957, da Muryar Jamus, da Rediyon Kano, sai kuma Rediyon Kaduna da aka buɗe a 1962, wadda ta yi fice da shirye-shirye irin su Zaɓi Sonka da Jakar Magori. A nan ake jin Alhaji Mamman Shata da Musa Ɗanƙwairo da Ɗan Anace da Ɗanmaraya Jos da Haruna Uji. Lokacin labarai gida yakan yi tsit, ko akuya ta yi kuka sai an harare ta. Da an gama sai sharhi ya tashi a zaure, kuma a nan ne muke jin yadda iyayenmu suke mayar da manyan al'amuran duniya abin raha, su raba wa shugabannin ƙasashe laƙabi kamar 'yan unguwarsu.

Amma shirin da ya fi tasiri a gidanmu shi ne Samanja Mazan Fama, na marigayi Usman Baba Pategi, wanda tsohon soja ne, ya rasu a 2023. Wasa ne a kan rayuwar bariki, inda Samanja yake gwamutsa Hausa da Turancin bariki, yana tsawa da muzurai, amma a ƙarshe kowa ya gane mutum ne mai tausayi. An gama yaƙin basasa a 1970, kusan kowane gari yana da tsohon soja, saboda haka mutane sun san irin wannan hali. Mahaifina yana da gashin baki, nan da nan abokansa suka laƙaba masa Samanja. Ya karɓi sunan hannu biyu, ya mayar da gidanmu bariki. Tashin asuba ya zama fareti, tuwo ya zama rashin, ni kuma, da ba ni da suna a bakinsa shekara goma sha huɗu, sai ranar nan na ji an ce, "Kurtu, kawo buta." Na waiwaya ban ga kowa ba, ashe da ni ake. Zan dawo kan wannan a gaba.

Majigi da Silima

Iyayenmu sun bambanta majigi da silima. Majigi na hukuma ne, mota ce take zuwa da almuru a kafa farin ƙyalle a filin ƙofar hakimi, a nuna fina-finan tsafta da noma, mai sharhi yana bayani da Hausa yana haɗawa da barkwanci. Kyauta ne, kuma babba da yaro kowa yana zuwa. Wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne Baban Larai, mai koyar da noman zamani. Har bayan zuwan ruwa, duk manomin da ya cika bin malamin gona sau da ƙafa sai a riƙa kiransa Baban Larai.

Silima kuwa ta birni ce, kuma dattawa suna ɗaukarta wurin 'yan iska. Gobarar silimar El Duniya a Kano a 1951, wadda ta ci sama da mutum 300, ta ƙara ƙarfafa wannan ra'ayi, har mutane da yawa suka ɗauke ta a matsayin ishara. Duk da haka gidajen silima irin su Plaza da Orion da Eldorado suna cika maƙil, musamman daren da za a nuna fim ɗin Indiya. 'Yan kallo har sunayen Hausa suka raɗa wa 'yan wasan, misali Dharmendra shi ne Sarkin Ƙarfi.

Mahaifina ya haramta mana silima, haramci mai tsanani. Abin da ya riƙa ɗaure mini kai shi ne, in yana kushe fim ɗin Indiya, kushen nasa na wanda ya sani ne. Yakan ce, "Mutanen nan ba su da aikin yi. An kashe uban mutum, maimakon ya zauna zaman makoki sai ya hau dutse yana waƙa." A 1980, ina makarantar sakandare a Kano, muka saci jiki ni da abokaina muka tafi kallo. Da aka kunna fitila a tsakiyar fim, sai na hango wani hannu shuɗi riƙe da ƙullin gyaɗa, layi biyu a gabana. Ya waiwayo, muka haɗa ido, kowa ya kawar da kai. Ashe in ya zo sayen ƙyalle a Kantin Kwari dare ya yi masa, ba a masauki yake ƙarasa daren ba.

Da na je gida hutu na durƙusa na gaishe shi, gabana yana faɗuwa. Ya daɗe yana murɗa rediyo, sannan ya ce, "Kwanaki na yi wani mafarki, na ga wani mai kama da kai a inda bai kamata ba. Kai fa, ka yi wani mafarki?" Na ce, "A'a Baba, ni ban yi mafarkin komai ba." Ya ce, "Madalla. Yaron kirki ba ya mafarki." Daga nan maganar ta mutu, ba a sake tayar da ita ba har ya bar duniya. Ban kuma sake shiga silima ba sai da na fara cin gashin kaina.

Talabijin da Kaset

Gwamnatin Alhaji Abubakar Rimi ta buɗe gidan talabijin na jiha, CTV, a 1982, wanda daga baya aka mayar da sunansa ARTV. A ƙasar Kura masu akwatin talabijin ƙalilan ne, waɗansu ma da batirin mota suke kunnawa. Mai akwati yakan fito da shi ƙofar gida, yara su zauna a ƙasa, dattawa su kafa benci daga baya kamar ba kallo suke yi ba. A nan aka ga fuskar Samanja bayan an daɗe ana jin muryarsa, aka san Ƙasimu Yero, wanda ya rasu a 2017, a wasan Karambana da kuma Magana Jari Ce da aka ɗauko daga littafin Abubakar Imam, aka san Karkuzu na Jos. Kowace unguwa sai da ta sami Karambananta.

Rikoda mai kaset ita kuma ta bi manoma har gona, ana ban ruwa Shata yana tashi daga gindin bishiya. Daga 1990, da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya, sai zamanin bidiyo ya kama, ya zo da nasa gwanayen irin su marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a 2014. Dattawa da yawa sun yi ta sukar bidiyo, amma na sha ganin wanda ya gama sukar ya tsaya a bakin ƙofa da buta a hannu, wai alwala zai yi, har wasan Ibro ya ƙare.

Igiya

Na yi alkawarin dawowa kan sunan Kurtu. Shekarar da aka sayi rediyo na ci jarrabawar shiga sakandare. Mahaifina bai ce mini komai ba. Da daddare sai na ji yana gaya wa mahaifiyata da ƙarfi, "A gaya wa Kurtu an ba shi igiya ɗaya, daga yau Las Kofur ne." Zangon da na faɗi lissafi aka sanar cewa an tuɓe igiyar, sai da na gyara aka mayar. Da na gama sakandare na zama Kofur. Da na kama aikin gwamnati kuma na yi aure na zama Saje. Daga nan ƙarin girma ya tsaya. Duk lokacin da aka ɗaga ni a ofis na zo na gaya masa, sai ya ce, "Can su ta shafa. Barikin nan Samanja ɗaya ne." Na fi shekara goma sha biyar ina Saje, har na fara furfura.

A cikin rashin lafiyarsa ta ajali, a 2003, muna zaune kewaye da shi ni da ƙannena, ya ɗaga hannun nan da shuni bai gama barinsa ba, ya nuna ni, ya ce, "Samanja, ga bariki nan." Ƙannena suka yi dariya, sannan kowa ya gane abin da ake nufi, ɗaki ya yi shiru. Wasiyyarsa ke nan a kan riƙon gida. Mutumin da al'ada ta hana shi kiran sunana, ta hana shi yabona, ya ari bakin ɗan wasan rediyo ya yi shekara ashirin da bakwai yana kirana yana yabona, ba tare da ya keta kunyar ba ko sau ɗaya.

Kammalawa

Idan dattawa suka zauna suna begen zamanin Shata da Samanja, matasa sukan ɗauka son tsohon abu ne kawai. A ganina abin ya wuce haka. A wancan lokaci rediyo ɗaya ce a gida, akwati ɗaya ne a unguwa, saboda haka abin da uba ya ji shi ɗa ya ji, in uba ya yi habaici da shi ɗa zai gane. Yau kowa da wayarsa, kowa da abin toshe kunnensa. Abin dariya ya fi na da yawa, amma kowa nasa daban. Na taɓa ce wa ɗana na fari Kurtu, ya dube ni ya ce, "Baba, wane ne kuma haka?" Kunyar tana nan a gidaje da yawa, abin fakewar ne ya yi ƙaranci, kuma uban da ba shi da hanyar yin raha da ɗansa, faɗa kawai zai rage a tsakaninsu.

Saboda haka ina kira ga malaman makaranta, musamman masu koyar da Hausa da tarihi, su riƙa ba ɗalibai aikin gida na zuwa wurin iyaye da kakanni su tambayo: wane shiri kuke ji a rediyo, wane laƙabi aka sa muku, wace magana ce ubanku yake yawan maimaitawa? A rubuta amsoshin da sunan unguwa da shekara, a adana a makaranta, a aika da kwafi ga hukumar tarihi. Karofin Kura da yawa an cike su, marina da suka san zamanin kafin ruwa saura ƙalilan. Tarihin madatsa yana nan a fayil ɗin gwamnati, amma maganar belin damina ba ta cikin kowane fayil, a bakin mutane take, in sun tafi ta bi su.

Allah Ya jiƙan iyayenmu da suka riga mu, Ya sa dariyar da suka ba mu ta zama sadaka a mizaninsu, mu kuma Ya kyautata namu ƙarshen, amin.